Faifan Cika-ciki

A tashar Bagudo, Inna Barira na jiran motar Kende, sai wata baƙuwa da ta ƙetaro daga Benin ta zauna kusa da ita tana fifita da faifai.

"Ɗiyata, ina kika samo faifan ga?"

"Tsallake, Inna. Idan sabuwar shekararsu ta zo, bonane suke ce mata, ana rataya irinsa ga bango don ado."

"Ga bango? Mu idan shekara ta kama, abincin cika-ciki muke rufewa da shi, mu aika wa ɗiyanmu."

"Ai wadda ta sayar mini ma 'yar ƙasar nan ce, Ni'ima. Ta ce wata tsohuwa ke damunta da su duk shekara, har ta rasa inda za ta kai su."

Sunan autar Inna Barira ke nan da ke aure can. Inna Barira ta karɓi faifan, ta juya bayansa, ta shafa ƙullin da ta yi da hannunta.

"Kin san tsohuwar ne, Inna?"

"Na san ta. Ta ma fara saƙa na bana." Ta miƙa mata. "Riƙe abinki. Na banan kam, yau za ta warware shi."