Shinkafar da Aka Yanke Ɗanya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban ƙaramar hukumarmu, limamin babban masallaci, baƙinmu masana yanayi da suka sha tafiya daga babban birninmu Dhaka, dattawan tsibirin Char Motihar, masunta da manoma. Sai ku iyalan gidan Mridha, Bhabi Rowshan uwar gidan marigayi, da ɗiyarku Tanjila, da yayan marigayi, Sobhan Bhai: assalamu alaikum.

Ni ce Hosne Ara, shugabar makarantar nan da muke fakewa a cikinta duk lokacin da teku ya fusata. Aji ɗaya muka yi da Dakta Shamsuddoha Mridha, wanda muka taru yin sadakar arba'in ɗinsa. An zaɓe ni ne wai don bakina ba ya gajiya. Yau kam ya yi mini nauyi.

Ya kasance maraya tun muna yara. Shekarar babbar guguwa, rediyo ya yi gargaɗi da safe, da yamma ruwa ya shigo gari. Mahaifinsa na can tsakiyar teku, ko katakon jirginsa ba a gani ba.

Ya kasance mutum mai buri ɗaya tak. Ya tafi Dhaka ya ƙare ƙuruciyarsa yana duban hotunan tauraron ɗan Adam, yana gyara lissafin hanyar da guguwa za ta bi. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Doha, duk karatun nan ka kasa tsayar mana da ita?" Ya ce, "Hosne, wa ya isa? Kwana ɗaya kawai nake neman in ƙara muku." Ya ƙara ɗayan, ya sake ƙarawa, har gargaɗi ya koma zuwa mana tun saura kwana biyar. Wannan ya isa jirgin da ya yi nisa ya dawo, ya isa a yi girbi.

To amma kun san abin da girbin gaggawa yake nufi. Shinkafa ce shekararmu. In ka yanke ta ba ta gama ƙosawa ba, ka yi asarar wani kaso. In ka bar ta ruwan gishiri ya hau, ka rasa duka, har gonar ta yi fushi da kai.

Wata kaka ya aiko a yanke. Muka yanke, guguwa ta juya ta nufi gabas, ko ganyen ayaba bai faɗi ba. Da wani ne, da ya yi zamansa a birni. Shi kuwa ya hau jirgi ya zo ya zauna a rumfar mai shayi. Sobhan Bhai, kana nan, ba ƙarya zan yi maka ba. Kai ka ɗebo shinkafar da rabinta ƙaiƙayi ka zuba masa a gaba ka ce, "Ga amfanin digirinka, Dakta Ɗanya. A dafa maka ko a soya?" Aka fashe da dariya. Ya ce, "Bhai, na yi kuskure, kuma zan iya sakewa. Amma gobe ma in na gani, sai na faɗa."

Sunan ya bi shi. Bayan shekara uku ya sake aikowa, babu wanda ya taɓa lauje. Masu jirage suka ce kifi na ba da kai, ba za su kira kowa ya dawo daga teku ba. Ya bar abokan aikinsa a kan na'ura, ya iso nan rana tsaka, ya ɗaura lungi, zanen mazanmu, ya shiga gonar gadonsu ya fara yanka. Mutumin da ya manta riƙon lauje! Har ya yanke yatsa. Sobhan Bhai ya tsaya a kan jinga yana kallo, can ya ce, "Matsa, kana ɓata mana gona," ya karɓe laujen. Kafin la'asar duk tsibirin ya sunkuya, an kira jirage. Ruwan da ya zo a wannan karon ya kai tagar ajin nan. Ba mu binne kowa ba, kuma ba mu yi bara ba.

Bhabi, mun san mun cinye miki miji. Daminarsa ta guguwa ce, ke sai saura. Ki yafe mana.

Tanjila, kin gaji kujerarsa ta hasashen guguwa, kujerar da ake zagi. Wata biyu da suka wuce, mahaifinki na kwance a asibiti, ke kika aiko a yanke. Bhabi ta ce maganarsa ta ƙarshe mai ma'ana tambaya ce: "Sun yanke?" Ta ce masa mun yanke. Guguwar ta kauce, kuma ban ji wanda ya buɗe baki da ƙorafi ba.

Muna godiya ga duk wanda ya tako. Shinkafar da za a kawo muku yanzu daga gonar Sobhan Bhai take, shi ya rantse da ita za a yi sadakar ƙanensa. Za ku ga ƙwayarta siririya ce. Kada ku ga laifin masu girki, ɗanya muka yanke ta.

Allah Ya jiƙan Shamsuddoha, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mahaifinsa a inda babu tsoron ruwa. Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ya ba mu kunnen ji. Amin.