Sojojin Noboru a Bakin Wuta

FUMIE: Alo? Wa ke magana?

NOBORU: Yaya Fumie, ni ne, Noboru. Ina kwana?

FUMIE: A'a, Nobo! Autan Mama! Lafiya lau. Ya Tokyo? Ya sanyi?

NOBORU: Sanyi kam ya fara shigowa. Ya Mama, ya ƙafar tata?

FUMIE: Da sauƙi sosai. Jiya ma har ƙarin shinkafa ta nema. Ya matarka Harumi? Jikar taka ta fara tafiya?

NOBORU: Tana dai rarrafe. Ya maigidan naki? Ya gonar shayi?

FUMIE: Shigeo na nan, kullum kukan ciwon baya. Kun samu lemon da na aiko?

NOBORU: Mun samu, mun gode. Harumi ta ce...

FUMIE: Harumi ta ci? To ai don a ci na aiko.

NOBORU: Ta ce a gaishe ki! Ina cikin jirgin ƙasa ne, na fito tsakanin taragai don kar in dami mutane. Wai gangar me nake ji a wajenki?

FUMIE: Muna haikali ni da Mama. Yau ake sallamar tsofaffin 'yan tsana, a yi musu addu'a a ƙona.

NOBORU: Ashe lokacin ya zagayo. To, ni ma gida na nufa. In kun koma ki buɗe min ɗakin sama ya sha iska. 'Yan ƙananan sojojina na roba zan kwasa, ranar Asabar za a baje kolin masu yi musu fenti, kuma bana ni aka ba babban tebur. Yaƙin Sekigahara na zamanin da, gaba ɗayansa zan shimfiɗa musu. Alo? Yaya?

FUMIE: Ina ji.

NOBORU: Kin ji abin da na ce kan sojojin?

FUMIE: Nobo, ka ci abinci kuwa kafin ka fito?

NOBORU: Yaya Fumie. 'Yan tsanan wa kuka kai haikali?

FUMIE: Ka ga, kar ka ɗaga min murya. Da mutunci aka kawo su. Farin ƙyalle na shimfiɗa a kwalaye, na yayyafa gishiri...

NOBORU: Kai! Kai, kai, kai! Sojojina?

FUMIE: Wuri mai kyau aka ba su, a jeren gaba, kusa da 'yan tsanan gidan likita.

NOBORU: Ba 'yan tsana ba ne! Sojoji ne! Aikin shekara talatin ne, Yaya!

FUMIE: Suna da fuska ko ba su da? Suna da ido ko ba su da? Ba kai ke zama da gilashin ƙara girma da ɗan burushi kamar gashin gira kana ɗiga musu ido ba? Abin da ke da ido ai ba a zuba shi a shara. Alheri na yi maka.

NOBORU: Wa ya ce miki za a zuba su a shara? Wa ya ce a fitar da su ma?

FUMIE: Kuma sai da na goge musu fuska ɗaya bayan ɗaya kafin in saka su. Duk sun yi ƙura da taɓo, abin kunya a gaban limamin haikali.

NOBORU: Kin goge taɓon?

FUMIE: Ya ba ni wuya kuwa. Sai da na sa tsohon burushin haƙori.

NOBORU: Wayyo kaina! Fenti ne! Ni na yi taɓon! Da safiyar yaƙin ƙasa jiƙe take, kala uku nake haɗawa kafin... alo? Alo!

FUMIE: Ka ɓace. Me ka ce?

NOBORU: Ramin dutse muka shiga. Ki tsaya, ki saurare ni. Duka kika kwaso? Mahaya dawakin, 'yan bindiga, masu tuta?

FUMIE: Masu ido dai duka.

NOBORU: Marasa idon fa? Akwai rundunar yamma da ban gama ba, suna kan teburin taga.

FUMIE: Au, waɗannan masu launin toka? Ai su roba ce kawai. Ranar Alhamis ake kwasar roba a unguwarmu.

NOBORU: Kin ba motar shara?

FUMIE: A jakar da ta dace na saka, har na ɗauraye su.

NOBORU: Tabɗi! Kin gama da ni! Ga mai duba tikiti yana harara ta.

FUMIE: To ka rage murya mana, dattijo da kai, har da jika.

NOBORU: Yaya, na roƙe ki. Ba a kunna wutar ba, ko?

FUMIE: Ana dai jera itace. Liman ya kusa gama karatu.

NOBORU: Ki je ki ɗauko su. Ki ce kuskure ne. Nan da awa ɗaya na iso.

FUMIE: In ratsa mutane in ɗauke abin da aka riga aka yi wa addu'a? A gaban matar shugaban unguwa? Kai Tokyo za ka koma, ni ce zan ci gaba da zuwa kasuwa a garin nan.

NOBORU: Ki turo Shigeo!

FUMIE: Shigeo ne ya ɗauko kwalayen a motarsa.

NOBORU: Haba! Da shi aka haɗa baki? Mutumin da ya riƙe min fitila ina fenti?

FUMIE: Ya ce sai an tambaye ka, gaskiya. Mama ta ce ba sai an tambaye ka ba.

NOBORU: Mama? Mama da ba ta iya hawa bene?

FUMIE: Ta hau. Watan jiya, da rarrafe, wai tana neman tsohon bargo. Na same ta zaune gaban akwatin gilashinka. Tun daga ranar ba ta sake cin abincin kirki ba sai jiya, da muka gama ɗaure kwalayen.

NOBORU: To shi ke nan, na ji. A ƙona su. A ƙona mahayan, a ƙona tutocin, na haƙura da teburin. Guda ɗaya kawai za ki ciro min. Wani ɗan ƙaramin mai mashi ne, ba sulke, ba kwalkwali, yana can bayan runduna. Yana da tabo a girar hagu, kunnensa ɗaya...

FUMIE: Ya ɗan lanƙwashe. Na san shi.

NOBORU: Kin gane shi?

FUMIE: Ni ban gane ba. Mama ce ta gane. Cikin ɗaruruwan nan ta sa yatsa ta nuna shi.

NOBORU: Yaya, ba mu da hoton Baba na kirki, kin sani. Wanda ke kan bagadin tunawa da mamata a gida ya dushe. Da ka na zana fuskar nan a shekarar da ya rasu, na goge na sake, na goge na sake. Yanzu ko na rufe ido ba na ganinsa sosai. Ba zan iya sake yin ta ba.

FUMIE: Ba ya cikin kwali, Nobo.

NOBORU: Madalla! Yana gida?

FUMIE: Yana hannun Mama. Ta naɗe shi a hankicinta, ta hana kowa taɓawa. Ita za ta saka shi da kanta.

NOBORU: Ta saka shi ina? A'a. A'a! Ba ni ita!

FUMIE: Ba za ta ji ka ba, ta cire na'urar jin da ke kunnenta. Ta ce mijinta ya ƙare rayuwarsa a tsaye cikin gona, ruwa na dukansa. Ya mutu, maimakon ya huta, ɗansa ya sake tsayar da shi cikin taɓo da mashi a hannu, a bayan mutane, ko takalmi bai ba shi ba.

NOBORU: Ai haka ƙananan sojoji suke a lokacin... ni don in riƙa ganinsa na...

FUMIE: Na gaya mata. Ta ce ka gan shi ya isa, yanzu a bar shi ya kwanta.

NOBORU: Ki ɗauki hotonsa! Da wayar nan, yanzu, fuskar kawai!

FUMIE: An hana ɗaukar hoto in an fara. Tsaya, gangar ta tsaya. Sun kunna. Mama, ki jira in riƙe ki! Nobo, ta miƙe ba sanda, sai na...

NOBORU: Yaya, ki ce ta buɗe hankicin, ki duba min fuskar, ki gaya min ko... Alo? Yaya Fumie? Alo!