Sarkin Mashaya Bai Taɓa Kurɓa Ba

A tashar Funtuwa, Awaisu ya faɗa bayan buhunan masara yana haki, kusa da wata dattijuwa mai jiran motar Danja.

"Hajiya, rufa mini asiri. Maigidana na Koriya ne ya sauka, nemana yake."

"Sata ka yi masa?"

"Ina! A masana'antarsu can, in an tashi aiki dole a bi oga mashaya. In ya zuba maka giya, ba ka cewa a'a. Amma ladabinsu, ƙarami sai ya kau da kai kafin ya sha. Ni kuwa ina kau da kai, sai in juye a takalmina."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ka koma gida caɓal-caɓal?"

"Kullum. Da safe kowa na gyangyaɗi a kan inji, ni garau, har ya ƙara mini girma. Yanzu ya zo kafa injin shinkafa, kowa ya gani sai ya ce masa Awaisu ne sarkin mashaya."

Dariyar ta tsaya. "Awaisun da Limaminmu zai ba ladanci ranar Juma'a?"

Bai kai ga amsawa ba, sai ga ɗan Koriyar tafe yana washe baki, riƙe da hannun Liman, yana nuna buhunan.