Malam Taɓa-ka-gani da Kwaɗon Sito

Assalamu alaikum. Wakilin ofishin ilimi, shugaban makaranta, shugaban ƙungiyar iyaye, Yaya babban wan marigayi, Hajiya maiɗakinsa, 'ya'yansa, malamai da ɗalibai, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ce malamar lissafi. Shekara goma sha tara teburina na jingine da nasa. An ce in yi gajeren yabo in zauna. Zan yi yabon, amma akwai abin da dole sai na faɗa.

Ya kasance malamin kimiyya a makarantar da ɗakin gwajinta ba komai sai karyayyun kujeru da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Kafin zuwansa, a allo muke zana wa yara kwalba, mu zana wuta a ƙarƙashinta, mu ce su haddace cewa ruwan ya tafasa. Shi kuwa ya ƙi. Ya bi mai gyaran rediyo ya roƙo maganaɗisu, ya bi bakanike ya kwaso waya da tsohon batir. Hajiya, ke ce shaida, ko murfin tukunyarki bai tsira ba. In yaro ya noƙe, sai ya ce, "Ba ya cizo, taɓa ka gani." Sunan ya bi shi ke nan.

Ya kasance mai jan mu waje. Wata rana ya leƙo ajina ya ce, "Malama, ara mini yaranki da lissafinki." Da sanda da inuwa suka auna tsawon tankin ruwa. Mai walda ya hau da tef, aka samu bambancin bai kai taƙi ɗaya ba. Wata yarinya ta riƙe baki ta ce, "Malama, ashe lissafi gaskiya ne?" Shekara takwas ina koyarwa, ranar na fara jin kunya.

Sai aka kawo mana madubin ganin ƙwayoyin halitta guda shida, sababbi a kwali. Muka yi murna. Aka kai su sito aka danna kwaɗo. In baƙi za su zo, a fito da su, a goge, a jera yara a ɗauki hoto, a mayar. Shekara huɗu! Ya rubuta takarda ya fi sau goma. Amsar ɗaya ce daga sama: yara za su lalata. Ina tsaye ya ce wa wani jami'in ofishin ilimi, "Ranka ya daɗe, to wa aka kawo wa? Ɓerayen sito?"

Wata Talata, da rana tsaka, kowa na kallo, ya kwance kwaɗon da sukundireba. Biyu daga cikin madubin sun riga sun yi fumfuna. Huɗun ya jera su, ya ɗiga ruwan kwata. Yara suka yi layi har baranda, suna leƙawa suna ihu, "Malam, motsi yake!" Guda bakwai daga wannan ajin yau ma'aikatan asibiti ne. Ga uku can zaune a baya.

Ladansa? Takardar tuhuma, sannan canjin wurin aiki zuwa makarantar da sai ya yi awa biyu a kan babur, yana da shekara hamsin da bakwai, ga ciwon ƙirji. Ban ce hanya ce ta kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma mun ga yadda ya rame, kuma mun yi shiru. Har da ni. Yau ofishin da ya tuhume shi ya aiko da takardar yabo a cikin gilashi. Wakili, ranka ya daɗe, ka mayar da saƙonmu: ya cancance ta tun yana iya karantawa.

'Ya'yana, kada wani ya ce muku babanku mai taurin kai ne. Mu ne muka yi laushi. Hajiya, Yaya, ku yafe mana.

Shugaban makaranta, madubin nan huɗu an mayar da su sito, an sa sabon kwaɗo. Ranar Litinin, ƙarfe takwas, ni da aji uku za mu tsaya a bakin ƙofar. Ka zo da makulli. In ka manta, Hajiya ta ba ni akwatin kayan aikinsa.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya ba mu ƙarfin halin da muka rasa yana da rai. Amin.