Fitilar da ake shanyawa a rana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu sauraro.

Ni maɗinkin manyan riguna ne a Kusfa, cikin birnin Zariya. Lungunmu babu lantarki, da fitilar ƙwai nake aikin allura bayan Magariba, hayaƙinta ya sha ɓata mini farar shadda. Bara waccan ƙanena ya kawo mini wata fitila mai farantin sola, wadda ake shanyawa a rana kamar barkono. Tun daga nan ban ƙara bin layin kananzir ba.

Maƙwabcina Malam Iro ya ce, "Alhaji, rage murna, ai ita ma sai da aka ƙona man fetur a masana'anta kafin a ƙera ta." Na daɗe ina juya maganar. Gaskiyarsa ce, amma ita sau ɗaya ta ci mai, ta ƙwai kuwa kullum sai ta sha.

Yanzu batirinta ya gaji, ba ta kai ni Isha'i. Mai gyara ya ce in jefar da ita. Malam, ku tambaya mana masana: a yar da lafiyayyen faranti saboda batiri? Tsohuwar fitilata tana nan rataye a zaure tana jira, ni kuwa idanuna ba na da ba ne.