Wata Huɗu Kawai Nake Nema

Juliana: Halo? Salamu alaikum. Halo, Yagana?

Yagana: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ba na ji sosai.

Juliana: Ni ce, Juliana ta ofis. Kina ji na?

Yagana: Au, Juliana! Tsaya in hau turmi. Yauwa, yi magana yanzu.

Juliana: Ki hau me?

Yagana: Turmi. Duk gidan nan, in ba zaure ba, jikin katangar madafa ne kaɗai ake samun sabis, shi ma sai na hau turmi na miƙa wuya kamar mai duban wata. Ina wuni?

Juliana: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya ƙarin haƙurinmu?

Yagana: Haƙuri da godiya.

Juliana: Ubangiji ya ta'azantar da ku. Allah ya sa Malam Ladan ya huta.

Yagana: Amin, amin. Na gode. Ya Baban Elias? Ya mutanen Yelwa?

Juliana: Duk suna lafiya, ya ce in gaishe ki da kyau. Ya surukarki, Inna? Ƙafar ta yi sauƙi?

Yagana: Da sauƙi, ana dai lallaɓawa.

Juliana: Ina 'yata Zinariya? Tana cin abinci kuwa?

Yagana: Tana taɓawa. Jiya ta tambaye ni wai in an gama karɓar gaisuwa Baba zai dawo? Sai na ce ta je ta wanke hannu.

Juliana: Wayyo Allah. Yarinya 'yar shekara biyar, ina za ta gane.

Yagana: Haka ne. Juliana, kin samu kin je?

Juliana: Ina cikin ofishinsu ma yanzu haka. Ya zafi a wajenku? Nan kam...

Yagana: Juliana. Bar zancen zafi. Me suka ce?

Juliana: Hmm. To, bari in faɗa miki daga farko. Tun safe nake yawo a keke, kamfani uku na shiga. Ko'ina bayani ɗaya nake yi: ƙawata ce, mijinta ya rasu kwana goma sha ɗaya, tana takaba a gidan surukanta a Ƙofar Ran, ba ta fita. Aikinta a kwamfuta yake. Intanet na gida take so na wata huɗu kawai, in ta fita takaba za ta tashi ta koma Azare wurin 'yan uwanta.

Yagana: Haka ne, ba ki rage komai ba.

Juliana: Na farko suka ce wayar intanet ɗinsu ba ta shiga lungunan cikin gari ba tukuna. Na biyu suka ce shekara ɗaya cur ake sa hannu, kuma ba a tashi da shi, inda aka kafa nan zai zauna.

Yagana: Shekara? Ni da ko kwana ɗaya ba zan ƙara a gidan nan ba bayan takaba? Ɗakin ma an riga an yi masa mai shi, ƙanen marigayi zai sa amarya.

Juliana: Na faɗa musu. Yarinyar da ke kan teburinsu ta ce in haka ne ki bar wa amarya. Na ce ta ji tsoron Allah.

Yagana: Na ukun fa? Wanda eriyarsu ke kan rufinmu?

Juliana: Nan nake. Wani Elisha ne ke kula da ni, mutumin kirki, ɗan garinmu ne ma. Ya duba ya ga sunan Malam Ladan. Ya ce tsohon kwastoma yana iya sabuntawa wata-wata, ba wani sa hannu. Eriya na nan, rauta mai raba intanet ɗin na nan a falonki, daga nan ofis zai kunna.

Yagana: Alhamdu lillahi! To a kunna mana!

Juliana: Tsaya. Sai sun tura lambar sirri zuwa wayar mai asusun, a karanto musu cikin minti biyar.

Yagana: Wayar wa?

Juliana: Layin da ya yi rajista da shi. Wanda ya ƙare da huɗu, bakwai, biyu.

Yagana: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juliana: Halo? Ya yanke ne?

Yagana: Bai yanke ba. Wannan 'yar ƙaramar wayarsa ce mai tocila. Tana ɗakinsa.

Juliana: To madalla! Ai a gida take. Je ki ɗauko.

Yagana: Ɗakin a kulle yake, Juliana. Ranar da aka kai shi, kafin mutane su watse, Yaya Mijinyawa ya sa kwaɗo ya tafi da makulli Gwallaga. Komai na marigayi yana ciki, har takalminsa. Ba a taɓa ko allura sai bayan sadakar arba'in, a zo da malami da shaidu a buɗe a raba gado.

Juliana: Waya ma gado ce?

Yagana: Hular kansa ma gado ce.

Juliana: To ki kira shi mana. Wan mijinki ne, ba baƙo ba. Daga Gwallaga zuwa Ƙofar Ran nawa ne? Ya zo ya buɗe da hannunsa, ya karanta lambar da bakinsa, ya mayar ya kulle.

Yagana: Kin ɗauka ban gwada ba? Shekaranjiya na kira shi, ba ma don wannan ba, don takardar haihuwar Zinariya. Ya ce ya rantse da Alƙur'ani ba zai buɗe ba. Wai lokacin da babansu ya rasu haka aka riƙa shiga ana fita, daga baya agogo ya ɓata, har yau akwai waɗanda ba sa ga maciji a kan agogon nan. Da na ambaci aiki kuwa, sai ya ce, "Yagana, mace mai takaba me ya haɗa ta da intanet? Ki riƙe carbi."

Juliana: Carbi zai ciyar da Zinariya?

Yagana: Abin da nake tsoro ke nan. Ya riga ya faɗa a gaban Inna, ya ce in ba ni da abin riƙe yarinya, ba za ta bi ni Azare ba, a nan za ta zauna wurin dangin ubanta. Aikin nan ne kaɗai bakina, Juliana. In ya tafi, ba ni da abin da zan ce musu.

Juliana: Kai! Kai! Tsaya in tambayi Elisha. Ɗan'uwa, a canza sunan zuwa nata fa? ... Eh? ... Yagana, wai sai da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta rabon gado.

Yagana: Wadda ba za a samu ba sai an buɗe ɗakin.

Juliana: Wai haka.

Yagana: To kin gani. Sai an buɗe ɗaki a samu takarda, sai da takarda a tsallake ɗaki.

Juliana: Ɗan'uwa, don Allah, ba ka ga halin da ake ciki ba? Mutumin nan ya mutu, ni da kaina na je gaisuwa! ... Ya ce ba shi ba ne, kwamfuta ce ba ta wucewa sai da lambar. Ya ce ko manaja ba ya iya tsallake ta.

Yagana: Kar ki matsa masa, ba laifinsa ba ne. Me Oga Jalo ya ce da safe?

Juliana: Sai in faɗa miki?

Yagana: Faɗa mini. Me ya rage da ban ji ba?

Juliana: Ya ce mutanen Abuja sun yi iya ƙoƙarinsu da suka yarda ki yi aiki daga gida. Litinin ƙarfe tara suna son ganin fuskarki a mitin, kuma bayanan rigakafin asibitocin nan goma sha shida su riƙa shiga kullum. In ba haka ba, wai akwai mai jiran kujerar.

Yagana: Yau Juma'a.

Juliana: Kuma nan huɗu da rabi suke rufewa, sai Litinin ƙarfe goma.

Yagana: Shi ke nan.

Juliana: Ba shi ke nan ba! Datar waya fa? Ki haɗa da kwamfutar.

Yagana: A kan turmi? Jiya na gwada, na ɗora kwamfutar a kan katanga, fom ɗaya tun azahar har la'asar yana juyawa. Ginin ƙasa ne, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Zaure ne kawai ke da sabis mai kyau, shi kuma maza ne cike suna karɓar gaisuwa.

Juliana: To ki zo gidana Yelwa. Da safe in zo da keke in ɗauke ki, ki sa hijabinki, kafin magariba in dawo da ke. Maƙwabciyata Maimuna ta ce addini bai hana fita don lalura ba.

Yagana: Bai hana ba, ni ma na tambayi malam. Gidan ne ya hana. Da na gwada yi wa Inna maganar, kuka ta fashe da shi. Ta ce ɗanta ko sati biyu bai yi a ƙasa ba zan fara yawon gari? Ta ce tun kakanninsu ba a taɓa mai takabar da ta taka zaure ba. In na fita, ranar nan za su ce ga hujja, ba ta isa riƙon yarinya ba.

Juliana: In kin fita ki rasa ta, in kin zauna ki rasa ta.

Yagana: Gaba kura, baya sayaki. Wallahi na gaji, Juliana. Na gaji. Wata huɗu kawai nake nema, ba gida na roƙa ba, ba gona ba. Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ina jin wayar nan. Taku biyar ne daga inda nake tsaye. Kullum ƙarfe huɗu sai ta yi ƙara, ni na saita masa don shan magani. Kwana goma sha ɗaya tana kiransa ya sha magani. In ta fara, sai in bar abin da nake yi in je in jingina da ƙofar har ta gama.

Juliana: Wayyo, Yagana...

Yagana: Ban faɗa wa kowa ba. Wayar ce kaɗai a gidan nan ba ta san ya tafi ba.

Juliana: Ki saurare ni. Kwaɗon babba ne?

Yagana: Ɗan ƙarami ne, irin na akwati. Me ya sa?

Juliana: Ina Inna?

Yagana: Ta zaga bayi, za ta yi alwala. Juliana, me kike so ki ce?

Juliana: Kin san abin da nake so in ce. Inda turmi yake, taɓarya ba ta nisa.

Yagana: A'uzu billahi! In fasa ɗakin mamaci? A ce na ci gadon marainiya? Har Azare maganar za ta riga ni isa.

Juliana: Marainiyar 'yar wa ce? Minti biyar ne. Ki karanto lamba shida ki ajiye musu wayarsu. Gobe ni zan sayo sabon kwaɗo, in je Gwallaga in durƙusa wa Yaya Mijinyawa, in ce ni na sa ki. Ni ba 'yar gidan ba ce, ya zage ni son ransa.

Yagana: Ga taɓaryar nan kusa da turmin, ina kallonta.

Juliana: Katina ya kusa ƙarewa, Yagana. Ki zaɓa.

Yagana: Na sauka daga turmin. Kina ji na?

Juliana: Sama-sama. Yi magana da ƙarfi.

Yagana: Ba zan iya da ƙarfi ba. Na ɗauki taɓaryar. Ina bakin ƙofar. Ki ce ya tura. In na ji shigar saƙon, zan buga. Allah ka yafe mini.

Juliana: Elisha, tura! Tura yanzu! ... Ya tura. Kin ji?

Yagana: Tsaya.

Juliana: Kin ji?

Yagana: Shiru. Ki ce ya sake.

Juliana: Ya sake. Ya ce ta tafi. Halo?

Yagana: Juliana, ƙarfe nawa a wurinki?

Juliana: Huɗu da minti goma. Me ya faru?

Yagana: Huɗu ta wuce. Ba ta kira shi shan magani ba yau. Ina ta surutu ban lura ba.

Juliana: Caji ne ya ƙare, ba komai! Ki fasa, ki zare layin ki sa a wayarki, zan sake kira...

Yagana: Ita ma ta yi shiru. Juliana, ita ma ta yi shiru.

Juliana: Ki bar kuka, ki buga! Saura minti ashirin su rufe! Yagana!

Yagana: Inna ta fito. Tana kallona.

Juliana: Ki faɗa mata gaskiya! Ki ce mata don Zinariya ne! Ba ni ita in yi mata magana!

Yagana: Na'am, Inna? ... A'a. Ba komai, Inna. Daka zan yi.

Juliana: Yagana, kar ki ajiye taɓaryar nan! Halo? Kina ji na? Elisha, don Allah kar ka kashe kwamfutar, ka ba mu minti ɗa...