Ta Yi Kuka, Ni Ban Ji Komai Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Talatu, ina ɗinki a Sundimina.

Kwanakin baya wata ɗalibar jami'a ta zo tana bincike kan yadda jama'a ke ɗaukar masu ƙiba. Na yarda ta yi hira da ni, ta ɗora wayarta kan kekena tana naɗar muryata.

Na gaya mata yadda 'yan acaɓa a Birnin Kudu ke cewa, "Hajiya, tayata ba za ta ɗauka ba." Na gaya mata dangin mijina da ke Gwaram "Buhu" suke kirana. Ranar bikin ƙanwarsa kujerar roba ta karye da ni, aka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Da na ɗago sai na ga ɗalibar tana hawaye. Ta ce, "Yaya, me kika ji ranar?"

Na laluba zuciyata ban sami komai ba. Na ce, "Ban sani ba."

Har yau ba fushi, ba baƙin ciki. Malam, a tambayar min masu sauraro: haƙuri ne wannan, ko zuciyar ce ta mutu?